Minsharin Anti Tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Anti Tela ya san abu biyu ake karɓowa a can: kaya da labari. Kayan sai an taki sa'a a same su ranar da ta yi alkawari, amma labari bai taɓa makara ba. Ƙafarta tana kan keke, bakinta yana kan jama'a, kuma ba a taɓa ganin ɗaya ya tsaya jiran ɗaya ba. Mace ce mai jiki da fara'a, tef rataye a wuya kamar da shi aka haife ta, guntayen zare manne a gaban riga. Ko allura ta riƙe a baki, sai magana ta sami hanyar fita ta gefe.

Mutum ɗaya ne a duniya yake iya taka mata birki, kuma dama birkin sana'arsa ce. Mijinta ke nan, wanda kowa ke kira Direba, don ya yi shekara da shekaru yana jan bas daga unguwar zuwa tsakiyar gari. In ya dawo da yamma yakan zauna a bencin ƙofar shago da kofin shayinsa. Ita kuma ta ɗauko labari tana barbaɗa masa gishiri, shi ya ƙyale ta sai ta yi nisa, masu jiran kaya sun baza kunne, sannan ya ajiye kofi a hankali ya ce, "Ba haka aka yi ba." Daga nan sai ya farke mata labarin tas, ya sake harhaɗa shi yadda yake, ba ado ba ƙari. Ita ta yi ta mita wai ya kashe mata kasuwa. A kan wannan gardama suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, suka aurar, kuma ba wanda ya taɓa gajiya da ita.

To wannan 'yar magana ce ta ɓace daga gidan, yau wata da watanni.

Abin da ya faru, yadda kwandastan motarsa ya ba da labari, bai taka kara ya karya ba. Wata safiya Direba yana tafe da bas cike da mutane, wata yarinya 'yar makaranta ta faɗo titi tana bin takalminta da ya fice. Ya taka birki, mota ta tsaya cak. Yarinya ko ƙwarzane ba ta yi ba, ta suri takalminta ta ranta a na kare. Fasinjoji suka yi ta sa masa albarka. Shi kuwa ya sauko, ya miƙa wa kwandasta makulli, ya zauna a bakin titi har rana ta take. Tun daga ranar bai ƙara taɓa sitiyari ba.

Yanzu a ɗaki yake wuni. Ya sami wata tsohuwar fanka, lafiyarta ƙalau, ya kwance ta, ya goge, ya ɗaura, gobe ya sake kwancewa. Abinci sai ya tsakura ya ture. Maganarsa ta koma "to" da "a'a". Ba irin ƙaryar da Anti Tela ba ta jefa masa ba don ya tanka. Har ta taɓa kallon idonsa ta ce ranar da suka fara haɗuwa shi ne ya faɗa kwata a gaban jama'a, alhali ita ce ta faɗa, shi ya ciro ta. Ya dube ta ya ce, "To." Da zaginta ya yi, da bai yi mata zafi kamar wannan "to" ɗin ba.

Ga mutanen unguwa kuwa ta ce ciwon baya ne. Ta san mutanenta. Mai ciwon baya ana zuwa gaishe shi da lemo, kowa ya faɗi maganin da ya yi wa kawunsa aiki. Amma a ce abin a kai yake, shi ke nan, sai nuni da baki in ya wuce, kuma sunan ya bi 'ya'ya har gidajen aurensu. Tsoronta ɗaya ne, da shi take kwana da shi take tashi: kada shirun nan ya tafi mata da miji gaba ɗaya, alhali ga shi zaune a gabanta.

Ta san ba ya barci. Don kada ya gane ta sani, ya ƙara wa kansa damuwar ya hana ta hutawa, sai ta ƙirƙiro minshari. Da sun kwanta take farawa, a hankali, da ɗan fito a ƙarshe, irin wanda ta ji a wurin wata goggonta tun tana yarinya. A ganinta ba ta taɓa ɗinka abin da ya zauna daidai kamar minsharin nan ba.

Ana cikin haka Mai Ƙanƙara, maƙwabciyarta da ke sayar da ruwan sanyi a shagon da ke manne da nata, ta leƙo da labari.

"Kin ji 'yan jami'a sun sauka a asibitin sha-ka-tafin can na tsallake? Wai bincike suke yi a kan damuwa. Wai irin unguwarmu ba a taɓa zuwa an tambayi mutane abin da ke cin ransu ba. Masu sa kai suke nema."

"Me ake bayarwa?"

"Ba komai. Ba kuɗi, ba magani. Ki zauna a yi miki tambayoyi, ki tashi." Mai Ƙanƙara ta taɓe baki. "Wa zai kai kansa a lissafa shi cikin masu taɓin hankali, a kyauta ma? Tun jiya suna can suna korar ƙuda."

Anti Tela ta taya ta dariya, amma ƙafarta ta rage gudu a kan keke. Ba magani? Wannan ai zancen kasuwa ne. Ita ma zif mai kyau ba ta rataye shi a gaba, yana ƙarƙashin tebur, sai wanda ya cancanta ake ɗauko wa. Mutane ba za su taso tun daga jami'a hannu rabbana ba. Akwai maganin, jira suke su ji ciwon da ya kai a fito da shi.

Matsalar ita ce Direba ko da igiya aka ja shi ba zai je ba. Amma wannan ma ba baƙon abu ba ne a sana'arta. Sau nawa mace take zuwa da tsohuwar rigar mijinta ta ce a yi awo da ita, mai rigar yana gida bai ma san ana yi ba? Anti Tela takan yi mita, ta ce riga ba ta numfashi, a kawo mata mai jikin, amma a ƙarshe ta auna ta ɗinka. To haka za ta yi. Za ta ɗauki ciwon Direba ta saka a jikinta, ta kai a auna. In an ba da magani ta kawo gida, ita ta san yadda za ta yi da shi a cikin shayi.

"Zan je," ta ce. "Tausayin yaran nan nake ji. Sun yi karatu sun sha wahala, a bar su zaune ba aikin yi?"

"Ke? Wace damuwa gare ki, in ban da ta masu zuwa karɓar kayan da ba ki yanka ba?"

"Ita zan kai musu."

Ɗakin da aka ba masu binciken can baya yake, inda ake ajiye sikelin awon jarirai. Kujerun roba ne guda biyu, da tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali, da taga mai kallon titi. Wadda ta tarbe ta wata siririyar budurwa ce mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar autarta ba. Kallo ɗaya Anti Tela ta yi mata ta ga an cuce ta a hannun riga, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta danne zuciyarta, don yau ita marar magana ce.

Mai Tabarau ta yi bayani a tsanake. Ba za a ɗauki suna ba. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ba zai fita titi ba. Duk lokacin da ta ga dama tana iya tashi ta tafi. Su ba likitoci ba ne, ba sa ba da magani, so suke su san yadda mutane ke fama da damuwa a wuraren da ba mai tambayarsu, don a san irin taimakon da ya kamata a kawo. Anti Tela ta yi ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa ɗan kasuwa in ya rantse a kan farashin ƙarshe.

Aka danna 'yar rikoda.

"Mama, a 'yan kwanakin nan kina samun sha'awar yin hira da mutane?"

Anti Tela ta sunkuyar da kai, ta langaɓe murya. "Ina fa, 'yar nan. Ni da magana ai mun raba gari. Sai in wuni ban ce uffan ba."

Don ta tabbatar an gane tsananin shirun, sai ta shiga bayaninsa. Ta faɗi yadda ya fara, da waɗanda suka lura, da abin da Mai Ƙanƙara ta ce a kai, wadda ita ma ba ta da bakin magana tunda kowa ya san abin da ya faru tsakaninta da mai gyaran firji bara. Shi ma wannan labarin sai da ta ba da shi daga tushe, don kada a bar yarinya cikin duhu. Kafin ta gama bayanin shirunta, Mai Tabarau ta fara leƙa rikodar ta ga ko batir zai kai.

"Abinci fa?"

"Sai in tsakura in ture."

A daidai lokacin kujerar roba ta yi ƙara a ƙarƙashinta. Anti Tela ta harare ta.

"Me kike yi da rana?"

"Fanka nake kwancewa."

Mai Tabarau ta ɗago kai. "Fanka?"

"In goge, in ɗaura. Gobe in sake."

"Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Ai abin da ke ba ni haushi ke nan." Ta tuna ita ce mai kwancewar, ta yi sauri ta ƙara da cewa, "Haushin kaina nake ji."

"Akwai wani abu da ya faru kafin ki fara jin haka?"

Nan ne ɗinkin ya zo da wuya, don ba yadda za a yi ta ce tana jan bas. Amma Anti Tela ba ta saba mayar da aiki ba. Nan take ta rage labarin, ta kalmashe shi daidai jikinta. Ta ce wata safiya tana cikin ɗinki, shago cike da mutane, wata yarinya 'yar makaranta ta zura hannu ƙarƙashin allura tana bin wani maɓalli. Ta tsayar da keke cak. Yarinya ko ƙwarzane ba ta yi ba. Jama'a suka yi ta sa mata albarka. Ita kuwa ta tashi ta je ta zauna a bakin titi, kuma tun daga ranar ba ta ƙara taka keke ba. Ita kanta sai da labarin ya burge ta.

Mai Tabarau ta ajiye biro. Ta dubi taga, ta dubi zaren da ke gaban rigar Anti Tela, sannan ta miƙa hannu ta kashe rikoda.

"Mama, shagon can mai koriyar ƙofa ba naki ba ne?"

"Nawa ne."

"Tun jiya da muka zo nake jin ƙarar keke daga can. Har rufe taga na yi don kada ta shiga rikoda. Sai ɗazu da za ki tsallako ta yi shiru."

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma Anti Tela ba ta taɓa faɗawa wanda ya kai wannan ƙurewa ba. Ta buɗe baki za ta ce 'yar koyo ce, ta tuna ba ta da 'yar koyo, kuma unguwa kaf ta sani. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne yarinyar ba dariya take yi ba.

"Ba laifi kika yi ba," in ji Mai Tabarau. "Sai dai ba zan iya sa amsar wani a madadin taki ba, aikin zai lalace. Wanda kike ba ni labarinsa, ba sai kin faɗi ko wane ne ba."

"Ciwon baya yake yi," Anti Tela ta ce da sauri, don bakin ya riga ya saba. Sannan ta sauke numfashi. "Ba ciwon baya ba ne. Maigidana ne. 'Yar nan, ki dubi girman Allah ki ɗauko maganin nan. Na san yana cikin jaka. Ba wanda zai ji."

Mai Tabarau ta jawo jakar ta buɗe mata ita har ƙasa. Biro ne, da batir, da gorar ruwa, da rabin burodi a leda. Anti Tela ta leƙa sosai, har da ɗan aljihun gefe inda da ita ce nan za ta ɓoye. Ba komai. Ashe da gaske akwai masu faɗin farashin ƙarshe su kuma tsaya a kansa.

Ta yunƙura za ta tashi, Mai Tabarau ta ce, "Akwai tambayar da ban kai gare ta ba. Barci. Yana samu?"

"Ina fa. Ya juya nan, ya juya can. Wani lokaci ya tashi zaune ya dafe gwiwar dama, ya daɗe a haka. Can gab da asuba ya ɗan lumshe ido, da babur ya wuce a titi sai ya zabura."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

"Ke ya aka yi kika sani?"

"Ai ina kallonsa."

"Har gab da asuba?"

"Har…"

Anti Tela ta tsaya. A tarihin unguwar ba a taɓa jin ta ɗauko magana ta yar da ita a hanya ba.

"In ya ture abinci, ke kina cin naki?"

Ta so ta nuna jikinta a matsayin shaida. Sai ta tuna ba a daɗe ba ta sake rage wa siket ɗinta ƙugu, tana ce wa kanta yadin ne ya saki.

"Kin taɓa gaya wa wani?"

"Wa zan gaya wa?" Ta ji muryarta ta canja, kuma wannan karon ba ita ta langaɓe ta ba. "Ni ce mai ba mutane dariya. Kowa ya zo shagona da nasa ya sauke ya tafi. Surutun nan da kika ga ina yi, don kada in ji shirun da ke cikin ɗakin can ne. In ni ma na yi shiru, gidan ya zama me?"

Hawaye ya ƙwace mata. Ta laluba aljihu ba ta sami abin sharewa ba sai wani ƙyalle, wuyan rigar wata mata da ake jira tun makon jiya. Mai Tabarau ta bar ta ta yi kukanta, ba ta ce ta yi haƙuri ba, kuma Anti Tela ta lura da haka ta gode a ranta. Bayan ta lafa, yarinyar ta goge labarin keke daga rikoda a gaban idonta.

"In kin yarda, mu sake daga farko. Amma taki nake so."

Wanzami dama ba ya son jarfa. Matar da ta yi shekaru tana auna jama'a, yau ita aka sa wa tef, kuma ta ga abin ba daɗi. Amma ta zauna, ta amsa. Amsoshinta na gaskiya gajeru ne, batir bai ma ji jiki ba.

Da suka gama, Mai Tabarau ta gaya mata akwai wata ma'aikaciya da ta karanci wannan fanni, tana zuwa asibitin kowane mako, tana zama da mutum a wannan ɗakin, kuma ba a rubuta komai a ƙofa. "Ke ma kina iya zuwa, don kanki. Shi kuwa sai dai ya zo da ƙafarsa. Ba a yi wa mutum wannan a bayan idonsa."

"Riga ba ta numfashi," in ji Anti Tela.

"Na'am?"

"Ba komai. Ki kawo min rigar nan gobe in daidaita miki hannun. Tun ɗazu yake cizona."

Mai Ƙanƙara tana ƙofar shagonta tana jira, ta kama ƙugu. "To, me suka gano?"

"Sun ce in rage magana."

"Wannan ai ba sai an je jami'a ba."

Anti Tela ta yi murmushi ta wuce. Ba ta buɗe shago ba, ta bi ta lungu ta shiga gida.

Ta same shi zaune a ƙasa, fanka a warwatse a gabansa, 'yan ƙusoshinta jere a cikin murfin gwangwani. Hasken la'asar yana shigowa ta gefen labule. A hanya ta shirya ƙarya kala-kala da za ta fara da su, amma ba wadda ta tsallake bakin ƙofa. Ta zauna a gefen gado.

"Maigida, na je wurin masu binciken nan na asibiti."

"To."

"Na san ba ka barci."

Hannunsa ya tsaya a kan fiffiken fanka. Ya daɗe a haka, har ta ɗauka "to" ɗin ce za ta sake fitowa.

"Ke ma ba kya yi," ya ce.

"Ni? Ni da nake minshari?"

"Tun da na aure ki ba ki taɓa minshari ba, sai a watannin nan." Bai ɗago kai ba. "Kuma mai barci ba ya dakatar da minshari in ya ji an tashi zaune, ya ci gaba in an kwanta."

Kunya da haushi da murna suka taso mata lokaci ɗaya. Rabon da ta ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa har ta manta, ga shi ta fito, kuma kushe mata aiki ta zo yi.

"Wato ka sani, ka bar ni ina ta ƙarar da maƙogwaro?"

"Na ga kina ƙoƙari. Ban so in kashe miki kasuwa ba." Ya juya fiffiken a hannu. "Nakan lafe in daina motsi, ko kya samu ki yi na gaske. Ba kya yi."

Anti Tela ta ciji leɓe. Ta ga in ta tsaya nan kuka za ta sake yi, don haka ta koma ga abin da ta iya. Ta gaya masa ciwonsa ta kai musu, ta ce nata ne, aka ɗauka a rikoda. Ta faɗi zancen abinci da abin da kujera ta yi mata, ta faɗi zancen fanka. Sannan ta zo kan yadda ta mayar da bas keken ɗinki, ta mayar da takalmi maɓalli, ta ɗan ƙara gishiri tunda hannu ya saba.

"Na ce musu na tsayar da keke cak, yarinya ko ƙwarzane ba ta yi ba, nan take ta ɗauki maɓallinta ta gudu. Shi ke nan."

Direba ya ajiye fiffiken a ƙasa a hankali, yadda yake ajiye kofin shayi.

"Ba haka aka yi ba."

Anti Tela ta riƙe gefen gado da hannu biyu.

"Ba nan take ta tashi ba. Kowa haka yake cewa, don su ta gefe suke kallo. Ni daga kujerata ba na ganin abin da ke ƙasa a gaban mota. Na ga kanta, sai na daina gani. Mota ta tsaya, ƙafata tana kan birki, ban san abin da ke ƙarƙashina ba. Sun ce ƙiftawar ido ce." Ya dafe gwiwar dama. "Ni in na rufe ido can nake. Ba ta miƙe ba tukuna."

Magana ta cika bakin Anti Tela. Ga "yi haƙuri", ga "ai Allah ya kiyaye", ga labarin wani direba da ta sani wanda nasa ya fi wannan muni, duk sun taru a maƙoshi suna turereniya. Ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta ture murfin gwangwanin gefe.

Ya dube ta da mamaki. "Ba za ki ce komai ba?"

"Na faɗi nawa, ka ce ba haka aka yi ba. Ina jinka."

Ya ci gaba. Yana yi yana tsayawa, yana komawa baya ya gyara abin da bai faɗa daidai ba, don shi ko a kansa ba ya barin labari a karkace. Can aka yi ta buga ƙofar shago, wata tana cigiyar rigarta, Anti Tela ko motsi ba ta yi ba. Hasken da ke gefen labule ya koma ja kafin ya kai aya.

Sai ya ce, "Wancan labarin na keken, shi kika bar musu a rikoda?"

A gaban idonta aka goge shi, Anti Tela ta sani sarai.

"Yana nan ciki," ta ce. "Da maɓalli da komai."

Direba ya yi tsaki. Ya juya ya dubi takalmansa da ke bayan ƙofa, waɗanda ƙura ta rufe tun ranar da ya cire su.

"Sai na je na gyara," ya ce. "Ba za a bar shi haka ba."

"To," in ji Anti Tela.